Tambayoyinku: Lemon makurut, daga ɓawo har ruwa

Assalamu alaikum, masu karatu. Saƙonnin wannan wata kusan duk a kan abu ɗaya suka zo, wato lemon nan na ƙasashen kudu maso gabashin Asiya da mutanen Tailan ke kira makurut. Ga wanda bai taɓa ganin sa ba, girmansa bai wuce na ƙaramin ƙwai ba, kore ne shar, jikinsa duk ƙuraje-ƙuraje, ganyensa kuma biyu ne a haɗe, ɗaya kan ɗaya, kamar an rubuta lamba 8. Ganyen ya riga ya yi suna, domin duk wanda ya sha miyar tom yam ta Tailan ya san ƙamshinsa. 'Ya'yan ne ake bari su zube ko su bushe a kwando, kuma wannan yana damuna ƙwarai. Don haka na ji daɗi da tambayoyin suka karkata gare su.

Tambaya: Anti, barka da aiki. Maƙwabciyata tana da bishiyar wannan lemo a tukunyar shuka, ta ba ni guda goma sha biyu. Na yanka uku na matse a miyar kifi tana kan wuta, kamar yadda na saba yi da lemon tsami. Ruwan ma da ƙyar ya fito. Da na ɗanɗana sai na ji ɗaci har maƙogwaro, ga wani ƙamshi kamar na sabulun wanka. Maigida ya ture kwano, yara suka ƙi ci. Lemon ne ya lalace, ko dama ba a cin sa? Daga wata uwargida.

Amsa: Ƙanwata, lemonki lafiyarsa ƙalau, kuma ana cin sa. Kin dai ba shi aikin da ba nasa ba ne. Kama da wane ba ta wane. Lemon tsami ana neman sa ne saboda ruwansa, shi kuwa makurut dukiyarsa tana cikin koren ɓawonsa. Ruwansa kaɗan ne, a lemo ɗaya da wuya ki samu fiye da cokalin shayi biyu, kuma wannan ɗan ruwan yana ɗauke da tsami mai kaifi, da ɗaci, da ƙamshi mai ƙarfin gaske. Ni a wurina turare ne na tukunya, ɗigawa ake yi.

Abin da ya same ki ya taɓa samuna. Shekarun baya na ɓata tukunyar kifi guda ta wannan hanya, ranar da nake da baƙi, kuma abin ya yi mini ciwo. Wata 'yar Tailan da muka taɓa zama maƙwabta ce ta warware mini. Ba ta yi dogon bayani ba. Ta ɗauki lemon, ta karce ɓawon da farce, ta kai mini hanci. Daga nan ta yanka shi biyu ta nuna mini cikin: ƙwayoyi cunkus, farar fata mai kauri, tsoka 'yar kaɗan. Tun ranar na gane inda amfaninsa yake.

Ɗacin da kika ji daga wurare uku ya fito. Akwai farar fatar da ke tsakanin ɓawo da tsoka, akwai ƙwayoyin, kuma idan mutum ya dage da matsa don ya fitar da ruwan da babu, sai ya murƙushe su duka su zubo da ɗacinsu. Na ukun shi ne wuta. A ruwan kowane irin lemo akwai wani sinadari da ba shi da ɗaci lokacin da yake cikin tsoka, amma da zarar an matse shi ya gauraya da tsami, sannu a hankali sai ya rikiɗe ya koma wani mai suna limonin, mai ɗaci sosai. Zafi yana gaggauta wannan rikiɗar. Ke kuwa kin matse uku a miyar da ke tafasa, kin ga duk ukun sun haɗu a tukunya ɗaya.

Batun ƙamshin sabulu kuma, hancinki bai yi ƙarya ba. Man da ke cikin wannan itace ana sa shi a sabulu da man wanke gashi, kuma ɗaya daga cikin sinadaransa, sitironelal, shi ne dai wanda ake ji a man korar sauro. Idan kaɗan ne a abinci, sai ki ji wani sanyin ƙamshi mai buɗe ƙirji. Idan ya yi yawa, ƙwaƙwalwa sai ta tuna banɗaki.

Ga yadda nake yi yanzu. Idan miya tana buƙatar tsami, lemon tsami ko tsamiya nake ba wa wannan aikin. Bayan na sauke tukunya, sai in ɗiga ruwan makurut rabin cokalin shayi a miyar mutum huɗu, in juya, in ɗanɗana, in ƙara idan da hali. Idan mahaɗin kifi gasasshe ko na ganye nake yi, kashi ɗaya na makurut nake haɗawa da kashi biyar na lemon tsami. Wajen matsawa kuma ki fara cire ƙwayoyin da bakin wuƙa, ki matsa a hankali sau ɗaya, ki tace.

Su kansu mutanen Tailan, waɗanda suka fi kowa sanin wannan lemo, a miya 'yan ƙalilan suke sa ruwansa. Akwai kaeng thepho, jar miya ta madarar kwakwa da wani ganyen ruwa mai dogon kara, wadda ake haɗa wa tsamiya da sukarin giginya ko na kwakwa. Ana raba lemon biyu, a cire ƙwaya, a jefa shi dab da saukewa, sannan a tsame shi kafin ya saki ɗaci. Sunan miyar daga wani kifin kogi maras ɓawo ya samo asali, duk da cewa a yau yawanci da naman alade ake yin ta, don haka wadda za ta ci a gidan abinci sai ta tambaya. A gida da kifi za ki yi abinki, ki koma asali. Akwai kuma khanom chin nam phrik, taliyar shinkafa da miya mai ɗan zaƙi, wadda za ki ga rabin lemon yana yawo a samanta. Ki lura, duka biyun suna da madarar kwakwa da sukari. Maiƙo da zaƙi su ne ke riƙe wa wannan lemo linzami.

Idan irin haka ta sake faruwa kuma ɗacin bai yi nisa ba, ƙara madarar kwakwa, da ɗan sukari, da ɗan gishiri, domin gishiri yana dushe ɗaci a harshe. Amma lemo uku da suka tafasa, gaskiya sai haƙuri. Sauran taran da ke hannunki kada ki zubar, duba amsar da ke biye.

Tambaya: Mama, ni ɗalibi ne, ina son girki. Ina so in daka kayan koriyar miyar kori ta Tailan da hannuna maimakon sayen na kwalba. An ce a sa ɓawon makurut. Yaya ake fere shi, kuma nawa ake sawa? Ganyen ba zai wadatar ba?

Amsa: Ɗana, Allah ya yi maka albarka, wannan tambayar ta faranta mini rai. Ganye ba zai maye gurbin ɓawo ba, domin ƙamshinsu ba ɗaya ba ne. Na ganye sitironelal ne ya rinjaye shi. Na ɓawo ya fi zurfi, akwai ƙamshin lemo a ciki, akwai kuma wani kamar na ɗanyen icce mai ƙaro. Shi ya sa a Tailan ɓawon ke shiga turmi tare da kayan daka, ganyen kuma a yayyaga shi a jefa a miya daga baya. Kowanne da mazauninsa. A Kambodiya ma haka ne, dakakken haɗinsu da suke kira kroeung yana samun ɓawon ko ganyen wannan lemo.

Fere shi yana son natsuwa saboda ƙurajen jikinsa. Wanke shi da ruwan ɗumi, ka goge ya bushe. Ɗauki ƙaramar wuƙa mai kaifi ka riƙa yanko koren siriri-siriri, kana bin tudu da kwari. Duk yankin da ka ga fari ya biyo shi, kwantar da shi a katako ka kankare farin. Idan da abin gurza mai ƙananan haƙora za ka yi, shafa sau ɗaya ko biyu a wuri ɗaya ka juya lemon, kada ka tsaya har fari ya bayyana. Ni na fi son wuƙa idan turmi za a je, domin gurzawa tana fasa ƙwayoyin man tun kafin lokaci, rabin ƙamshin ya tafi a iska da jikin ƙarfe.

Ga miyar mutum huɗu, cokalin shayi ɗaya na yankakken ɓawo ya isa, wato kamar rabin lemo ko ɗaya idan ƙarami ne. A karon farko ma ka fara da rabin cokali.

Wajen daka, abu mai tauri shi ke fara shiga. Zuba ɓawon da ɗan gishiri, gishirin zai taimaka wajen niƙe shi. Sai galangal, wato 'yar'uwar citta da suke amfani da ita, da farin gindin ciyawar nan mai ƙamshin lemo, an yanka su ƙanana, da saiwar koriyanda. Kada ka ƙara komai sai waɗannan sun yi laushi. Daga nan koren barkono, sai tafarnuwa da ƙananan jan albasa, waɗanda ke da ruwa a jiki. 'Ya'yan koriyanda da kumin da farin masoro ka soya su sama-sama ba mai, ka niƙa daban, ka zuba. Na ƙarshe shi ne kapi, dakakken jatan lande mai gishiri. Idan ka fara da albasa, turmin zai jiƙe, ɓawon ya riƙa zillewa taɓarya, a ƙarshe mai ci ya tauna gutsurensa ya ji ɗaci.

Aikin zai ci maka kusan rabin sa'a, hannu zai gaji. Idan ka gama, ɗebi kaurin madarar kwakwa ka ɗora a wuta har mai ya fara tasowa, ka soya haɗin a ciki. Ƙamshin da zai tashi a wannan lokacin babu kwalbar da za ta ba ka shi.

Tambaya: Hajiya, na ga garin ganyen wannan lemo a kwalba an rubuta masa "kaffir lime". Kalmar ta tsaya mini a rai, har na fasa saye. Mene ne asalin sunan, kuma babu laifi a ci? Daga wani magidanci.

Amsa: Malam, itace ne da Allah ya halitta kamar sauran lemo, babu abin da ke cikinsa na ƙyama. Sunan ne ke da matsala, kuma ba kai kaɗai ya dama ba. Kalmar daga Larabci take, ita ce dai kafiri da ka sani, kuma a bakin Turawa sunan ya yaɗu. A Afirka ta Kudu ta zama mummunan zagi da fararen fata ke jifan baƙaƙe da shi, musamman zamanin mulkin wariyar launin fata. Har yau laifi ne a can a kira mutum da ita, kuma a shekarar 2018 wata kotu ta yanke wa wata mata hukuncin ɗauri saboda ta yi ta maimaita ta ga 'yan sanda baƙaƙe. Saboda haka masu girki da 'yan kasuwa da yawa a ƙasashen Turawa suka koma kiran sa makurut.

Mutanen da suka gaji shuka shi kuwa suna da nasu sunayen da suke kiran sa da su. A Tailan makurut ne, a Indunusiya jeruk purut, a Malesiya limau purut, masu jin Faransanci a Madagaska da tsibirin Riyuniyon kuma suna cewa kombaba. Masana tsirrai suna kiran sa Citrus hystrix, sunan da masanin nan Augustin de Candolle ya raɗa masa a 1813 a lambun tsirrai na Montpellier a Faransa. Kalma ta biyun tana nufin beguwa da harshen Girka, saboda ƙayoyin da ke jikin rassansa. Ni makurut nake cewa, kuma ina roƙon masu karatu su riƙe shi.

Abin da ya kamata ka duba a kwalba shi ne jerin abubuwan da ke ciki. Garin ganye ko busasshen ɓawo ba komai. Amma ruwan ƙamshi da ake tatsa daga ɓawon, sau da yawa da barasa ake jiƙa shi, wannan sai a karanta da kyau.

Tambaya: Anti, na gurza ɓawon lemo biyar da safe, na fita shanya a rana ban wanke hannu ba. Washegari bayan hannuna ya yi ja yana zafi, har da 'yan ƙuraje masu ruwa. Yanzu wurin ya yi baƙi. Kuma an ce mini ana wanke gashi da ruwansa, in gwada?

Amsa: Sannu, 'yata, Allah ya ba ki lafiya. Ɓawon makurut yana da sinadarai da ake kira furanokumarin. Idan suka taɓa fata su kaɗai ba sa yin komai, amma idan hasken rana ya same su a wurin sai su ƙone fatar. Ba nan take abin ke nunawa ba, sai bayan kwana ɗaya, ya tsananta a kwana na biyu zuwa na uku, shi ya sa mutane da yawa ba sa gane daga ina ya zo. Lemon tsami ma yana yin haka. Baƙin da ya bari yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kafin ya washe. Ki rufe wurin daga rana, kada ki fasa ƙurajen, kada kuma ki shafa man bilicin don ki gaggauta shi, zai ƙara ɓata fatar ne. Idan ƙurajen manya ne, ko wurin ya fara ruwa ko kumburi, je ki ga likita ba tare da jinkiri ba. Nan gaba da kin gama aiki da ɓawon, wanke hannu da sabulu har wuyan hannu.

Wanke gashi da shi tsohuwar al'ada ce a Tailan, gaskiya ne. Idan za ki gwada, ki bari hannunki ya warke, ki tsarma ruwan sosai, ki yi da yamma, ki ɗauraye tas, ki kiyaye idanunki.

Tun da muna kan maganar lafiya, bari in ƙara wannan. Irin waɗannan sinadarai su ne ke sa likitoci hana masu shan wasu magungunan hawan jini da na rage kitse a jini shan ruwan babban lemon nan mai ɗaci, garehul. Duk wanda aka yi wa wannan gargaɗi, ya tambayi likitansa kafin ya mayar da makurut abin ci na kullum.

Tambaya: Hajiya, bishiyata ta yi 'ya'ya da yawa lokaci ɗaya, wasu har sun fara zama rawaya. Yaya zan adana su?

Amsa: 'Yar'uwa, firiza. Wanke su, ki goge su bushe, ki ƙulle a leda ki jefa su ɗungurungum. Za su yi watanni, kuma gurza su a daskare ya fi sauƙi, ki ɗebi abin da kike so ki mayar. A firij kuwa mako biyu ne ƙarshenta kafin su fara yaushi. Ruwan kada ki matse ki ajiye, yana ƙara ɗaci da zama. Rawayen sun nuna ne, ana amfani da su, amma ƙamshinsu bai kai na koren ba, don haka ki tsinke sauran tun suna kore da tauri. Idan kin shanya ɓawon, a inuwa za ki yi, kuma ki jiƙa shi a ruwan ɗumi kafin daka. Abu ɗaya: idan daga masu sayar da furannin ado kika sayi bishiyar kwanan nan, tambaye su ko sun yi mata feshin maganin ƙwari, tun da ɓawon ne za a ci.

Tambaya: Mama, ana iya yin abin sha ko kayan zaƙi da shi? Yarana suna son lemo mai sanyi. Daga wata uwa.

Amsa: Ana yi, ƙanwata, kuma a nan ne na fi jin daɗin wannan lemo. Sai dai ɓawon za ki sa gaba. Tafasa kofi ɗaya na ruwa da kofi ɗaya na sukari har ya narke, ki sauke, ki zuba koren ɓawon lemo biyu, ki rufe. Bayan minti 20 ki tace. Kada ki bar shi ya kwana a ciki. Wannan ruwan sukarin zai yi mako biyu a firij. Duk lokacin da yara suka nema, ki matse lemon tsami a ruwan sanyi, ki zuba cokali biyu ko uku na ruwan sukarin a kowane kofi. Idan kina so ki ɗiga ruwan makurut ɗin kansa, ɗigo huɗu ko biyar ya isa jug guda, kuma a sha a ranar.

A kek ko biskit, gurza rabin cokalin shayi a cikin sukarin da za ki yi amfani da shi, ki murza da yatsu har sukarin ya yi danshi ya ɗauki ƙamshi, sannan ki haɗa da bota. Yana tafiya da kwakwa fiye da komai. Ruwan dai kada ya haɗu da madara a kan wuta, zai tsinke ta.

A Kambodiya har 'ya'yan gaba ɗaya ake dafawa da sukari a ci kamar alewa. Ni ɓawon kawai nake yi wa haka. Ina yanka shi dogo-dogo, in tafasa a ruwa minti biyu in zubar da ruwan, in sake, har sau uku, domin kowane zubarwa yana tafiya da wani kaso na ɗacin. Sannan in dafa shi a ruwan sukari a ƙaramar wuta har ya yi sheƙi kamar gilashi, in tsame, in baza a faranti ya sha iska kwana ɗaya, in birgima shi a sukari.

Idan kuma kina son abin da ba zaƙi ba wanda zai nuna miki wannan lemo cikin ɗan lokaci kaɗan, yi irin mahaɗin da mutanen tsibirin Riyuniyon ke ci da shinkafa da kifi, wanda suke kira rugai. Tumatir uku nunannu a yanka ƙanana sosai, albasa ƙarama ɗaya, barkono gwargwadon bakin yaranki, gishiri, ɗan mai, sai gurzajjen koren ɓawo abin da yatsu biyu za su ɗauka. Ba a ɗora shi a wuta. Ki juya, ki rufe shi minti goma kafin a zuba abinci.